Tumatir: Halin da masu lambun gida ke shiga idan shekara ta ɓaci

A duk lokacin da farashin tumatir ya tashi a Najeriya, shawarar da aka fi bai wa magidanta ita ce kowa ya shuka nasa a gida, ko da a cikin buhu ne ko tsohon bokiti.

Sai dai abin da ya faru a shekarun 2016 da 2023 da kuma 2024 ya nuna cewa annobar da ke cinye manyan gonakin Kano da Kaduna da Katsina ba ta tsayawa a ƙofar gida.

Mutane da dama da suka karɓi wannan shawara sun ga tumatirinsu ya yi kore shar, ya yi fure, daga nan furen ya zube, ko kuma ganyen ya bushe cikin 'yan kwanaki kamar an babbaka shi da wuta.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, shin mai lambun gida yana da wata dama da babban manomi ba shi da ita, ko kuwa an miƙa masa wahalar da hukumomi suka kasa magancewa ne kawai?

Ƙwaron da ya tsallako teku

Babban abin da ya jawo ƙarancin tumatir a waɗannan shekaru shi ne wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tashi da dare, wanda masana ke kira Tuta absoluta. Manoman Kano sun laƙaba masa suna Sharon, yayin da jaridu ke kiransa Ebolar tumatir.

Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, kuma a ƙasar Peru aka fara bayyana shi a shekarar 1917.

Ya shafe shekaru da dama bai fita daga wancan yanki ba, sai a shekarar 2006 aka gan shi a gabashin ƙasar Sifaniya. Cikin shekaru biyu ya isa Maroko da Aljeriya, daga nan ya gangaro Sudan da Senegal da Nijar, kafin a tabbatar da shigowarsa Najeriya a shekarar 2015.

A watan Mayun 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir.

Kwamishinan aikin gona na jihar a wancan lokaci, Manzo Daniel Maigari, ya ce ƙwaron ya lalata kashi 80 cikin 100 na gonakin tumatir, kuma manoma kimanin 200 sun yi hasarar da ta kai ta naira miliyan 1,000 a cikin wata guda.

Kwandon tumatir da ake sayarwa a kan abin da bai kai dala 2 ba, ya haura dala 40 cikin watanni uku, kuma hakan ya zo ne ana shirin shiga azumin watan Ramadan.

Masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa a jihar Kano, wadda aka gina domin ta riƙa niƙa tan 1,200 a kowace rana, ta dakatar da aiki jim kaɗan bayan buɗe ta, saboda babu tumatirin da za ta saya.

A wannan lokaci ne 'yan Najeriya suka riƙa yaɗa hotunan bikin jifa da tumatir da ake yi duk shekara a garin Buñol na Sifaniya, suna yi wa kansu ba'a. Abin da da yawansu ba su lura da shi ba shi ne, garin yana cikin yankin Valencia, wato yankin da ƙwaron ya fara sauka a Turai.

Annobar ta sake kunno kai a shekarar 2023, sa'annan a 2024 ta haɗu da tsananin zafi da tsadar man fetur bayan janye tallafi. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna cewa a watan Yunin 2024, watan da aka yi Babbar Sallah, farashin kilo guda na tumatir ya ninka na shekarar da ta gabata fiye da sau huɗu.

Mata da dama sun koma ga tumatirin leda da na gwangwani, wasu kuma suka riƙa markaɗa karas da tattasai domin miya ta yi ja.

Yadda yake shiga gida

Domin a fahimci abin da ya sa lambun gida bai tsira ba, sai an dubi yadda wannan ƙwaro ke rayuwa.

Tsawonsa bai wuce milimita 7 ba. Da rana yana ɓuya a ƙarƙashin ganye, da almuru ya fito. Macensa guda tana iya yin ƙwai har 260 a rayuwarta.

Cikin kwanaki kaɗan ƙwan ke ƙyanƙyashewa, tsutsar kuma ta huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, tana ci daga ciki. Abin da mai lambu zai fara gani shi ne wani farin tabo mai kama da takarda a jikin ganyen.

Daga ganye tana shiga kara, tana kuma huda 'ya'yan, waɗanda daga nan sai ruɓa ta biyo baya.

Idan ta ƙoshi sai ta sauka ƙasa ta kwanta, ta fito a matsayin sabon ƙwaro. A lokacin zafi wannan zagaye ba ya wuce wata guda, don haka a shekara ɗaya ana iya samun zuriya 10 zuwa 12.

Ba tumatir kaɗai take ci ba. Tana iya rayuwa a jikin dankalin turawa da gauta da wasu ciyayi na danginsu, abin da ke ba ta wurin fakewa har wata shukar ta zo.

Ƙwaron kan iya tashi ya shigo gida da kansa, musamman a unguwannin da ke kusa da lambuna, kamar na gefen rafukan Jakara da Getsi a Kano, ko na bakin kogin Kwara da kwarin Gunti Yena a birnin Yamai.

Amma sau da yawa mai gidan ne ke shigo da shi da hannunsa. Yana zuwa a jikin dashen da aka saya a kasuwa, ko a cikin kwando, ko a cikin ruɓaɓɓen tumatirin da aka tsince daga cefane aka watsa a gindin shuka da nufin ya zama taki.

Wannan matsala ta dashe ba a Afirka kaɗai take ba. A shekarar 2009, lokacin da matsin tattalin arziki ya sa Amurkawa da yawa suka koma shuka kayan miya a gida, wata cuta ta tumatir ta bazu a jihohin arewa maso gabashin ƙasar.

Cutar ita ce wadda ta lalata dankali ta jefa ƙasar Ireland cikin yunwa daga shekarar 1845. Masana sun danganta saurin bazuwarta a 2009 da dashen da aka rarraba a manyan kantuna, wanda dubban masu lambun gida suka saya, ga kuma damina mai sanyi da yawan ruwa.

Daga bayan gidajen ne cutar ta bi iska ta shiga gonakin 'yan kasuwa. Wato lambun gida da ba a kula da shi ba yana iya zama matattarar annoba ga maƙwabta.

Shawara a lokacin da bai dace ba

Akwai kuma wani abu da ya fi ƙwaron tasiri a kan mai lambun gida, wato lokacin da yake shuka.

Tumatir shuka ce mai son rana, amma ba ta jure tsananin zafi. Idan zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Celsius, dare kuma bai yi sanyi ba, furen kan zube ba tare da ya zama ɗa ba.

Wannan ne ya sa manoman Kadawa da Kura da Bunkure, waɗanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga, da takwarorinsu na Danja da Ikara, suke yafa iri a ƙarshen damina, su yi dashe a watannin Oktoba da Nuwamba, domin shukar ta yi fure a cikin hunturu.

Daga Janairu zuwa Maris tumatir kan cika kasuwar Kwanar Gafan, ana loda shi a manyan motoci zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas. A wasu shekarun farashi kan faɗi har manoma su gwammace su yanka shi su shanya a gefen hanyar Kano zuwa Zariya.

Daga watan Afrilu, lokacin da zafi a Kano kan kai digiri 40, sai kaya su fara yankewa. A daidai wannan lokaci ne kuma ƙwaron ke hayayyafa da sauri. Tsada kan yi tsanani daga Mayu zuwa Yuli, kafin tumatirin damina na Jos da wasu wurare ya fara shigowa.

A nan gizo ke saƙar. Mutumin birni ba ya tunanin shuka tumatir a watan Oktoba. Sai farashi ya ƙona shi a watan Mayu yake neman buhu da ƙasa da iri.

Ke nan yana shuka ne a watannin da ƙwararrun manoma suka riga suka tattara kayansu. Idan ya tsira daga zafi, sai ya faɗa damina, lokacin da yawan laima ke kawo cututtukan ganye da na saiwa.

Idan kuwa ya shuka a kan kari, to tumatirinsa zai nuna ne a lokacin da ya fi araha a kasuwa.

Wannan lissafi ne da masu kiran a koma lambu ba su cika bayyanawa ba, ga shi kuma kiran ya daɗe ana yin sa.

Shirin ciyar da ƙasa da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a shekarar 1976 ya buƙaci ma'aikata da makarantu su noma duk filin da ke kusa da su.

A Nijar, gwamnatin Janar Seyni Kountché ta mayar da hankali ga noman rani bayan farin shekarar 1984, kuma lambuna da dama a ƙasar sun samo asali ne daga wancan yunƙuri.

A shekarar 2024 uwargidan shugaban Najeriya, Oluremi Tinubu, ta shirya wata gasa ta mata da nufin kowane gida ya mallaki lambu.

Bambancin da ke tsakani shi ne, shirin na Nijar an gina shi ne a kan lokacin da ya dace da kuma samar da rijiyoyi. Kiraye-kirayen da ake yi a biranen Najeriya kuwa sukan zo ne a matsayin martani ga tsadar da ta riga ta auku, ba tare da an faɗa wa mutane wane wata za su shuka ba, ko kuma ina za su sami ruwa.

Batun ruwan ba ƙarami ba ne. Tumatirin da ke cikin buhu yana buƙatar ban ruwa kullum, a unguwannin da ruwan sha ma sai an saya daga 'yan ga-ruwa.

Idan aka ba shi yau aka hana shi gobe, gindin 'ya'yan kan yi baƙi ya lotsa. Da yawa kan ɗauka cuta ce su garzaya neman maganin feshi, alhali rashin daidaiton ban ruwa ne ya hana shukar jan sinadarin da take buƙata daga ƙasa.

Feshi a tsakar gida

Abin da manomi ya fi sani idan ya ga ƙwari shi ne feshi, kuma mai lambun gida ya gaji wannan ɗabi'a.

Matsalar ita ce tsutsar Sharon tana cikin ganye, inda yawancin magungunan da ake sayarwa a kasuwannin ƙauye ba sa isa gare ta.

Idan manomi ya fesa bai ga sauyi ba, sai ya ƙara yawan maganin, ko ya gauraya iri biyu ko uku, ya kuma riƙa fesawa duk bayan 'yan kwanaki.

Sakamakon haka shi ne ƙwarin da suka tsira su ne masu juriya, kuma su ne za su haifi zuriya ta gaba. An ga haka a Brazil da Chile tun kafin ƙwaron ya bar Kudancin Amurka, an kuma sake gani a Italiya da Girka 'yan shekaru bayan isarsa Turai, har da sababbin magunguna masu tsada.

Feshin barkatai yana kuma kashe wasu ƙwarin da ke cin ƙwai da tsutsar Sharon, waɗanda da an bar su da sun rage ɓarnar.

A gona, illar wannan ta fi shafar mai feshin da kuma masu saye. A tsakar gida kuwa, inda yara ke wasa, kaji na tono, ana kuma shanya tsaba da kwanuka, haɗarin ya fi kusa.

Kowane magani yana da adadin kwanakin da ya kamata a jira kafin a ɗebi amfanin da aka fesa wa. Wanda ya sayi magani a cikin kwalbar da aka ɗura masa, babu takarda a jiki, ba shi da hanyar sanin wannan adadi.

Inda ƙaramin lambu ya fi gona

Duk da haka, akwai abubuwan da mai tushe 20 zai iya yi, waɗanda mai kadada 5 ba zai iya ba.

Zai iya duba kowane ganye da safe, ya tsinke wanda ya ga farin tabo a jikinsa, ya ƙona shi ko ya binne shi da zurfi. A farkon kamuwa, wannan kaɗai yana rage yawan ƙwarin sosai.

Zai iya rufe wurin yafa iri da tsohon gidan sauro marar huji, ta yadda dashensa zai tashi babu ƙwai a jiki, maimakon ya sayi wanda bai san asalinsa ba.

Akwai kuma tarko mai sauƙi, wato faranti mai faɗi da ruwa da ɗan sabulu, a sa fitila a kansa da dare. Ƙwaron kan bi hasken ya faɗa ruwan. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda ke Ibadan kuma take da reshe a Bagauda, ta ƙera irin wannan tarko, ta kuma samar da magungunan feshi da aka haɗa daga tsirrai.

Ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, yana rage wa tsutsar cin abinci idan aka fara amfani da shi da wuri kuma aka riƙa maimaitawa. Ba ya ceto shukar da ta riga ta ƙone.

Abin da ya fi wuya ga mutane shi ne tuge shukar da ta gama ba da amfani. Mai lambu kan bar ta saboda 'ya'ya biyu ko uku da suka rage, alhali a jikinta da ƙasar gindinta ne ƙwaron ke jiran shuka ta gaba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da suke buƙata shi ne sani, kuma a nan ne giɓin yake.

Malaman gona sun yi ƙaranci a Najeriya, inda malami guda ke fuskantar dubban manoma. Kaɗan ɗin da ake da su kuma an tura su karkara ne. Matar da ke da buhuna goma a bayan ɗakinta a Zariya ko Sakkwato ba ta cikin lissafin kowace ma'aikata, kuma mai shagon maganin ƙwari shi ne malamin gonarta.

Abin da ya fi ƙarfin mai lambu

Ƙasashen da suka shawo kan ƙwaron ba su yi haka ta hanyar ƙoƙarin ɗaiɗaikun mutane ba.

A kudancin Sifaniya, masu noman tumatir a cikin rumfunan leda sun koma sakin wani ƙwaro mai cin ƙwan Tuta absoluta tun shukar tana ƙarama, abin da ya rage musu dogaro da feshi.

A Kenya, ƙasar da gwamnatin Kaduna ta tura jami'anta neman dabara a 2016, cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta shigo da wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Peru, wanda ke yin ƙwai a cikin tsutsar ya kashe ta. An fara sakinsa a gonaki a shekarar 2020.

Irin wannan aiki na hukuma ne da cibiyoyin bincike, kuma ba ya tasiri sai manoman yanki guda sun rage feshi tare.

A Najeriya kuwa, matakin da ya fi fitowa fili bayan annobar 2016 shi ne manufar tumatir ta shekarar 2017, wadda ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin 100, tare da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan.

Manufar ta yi niyyar kare masana'antun cikin gida, amma ba ta taɓa ƙwaron ba, kamar yadda dawowarsa a 2023 da 2024 ta tabbatar. Ba ta kuma magance hasarar bayan girbi ba, wadda ake ƙiyasta cewa tana cinye kimanin kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa, tsakanin gona da kwando da doguwar hanya.

Wannan hasara ta lokacin yalwa ita ce ke bayyana abin da ya sa dabarar da ta fi yi wa gidaje aiki a shekarun tsada ba shuka ba ce, adanawa ce.

Gidajen da suka sayi kwando a watan Fabrairu, suka yanka suka shanya kauɗa, ko suka markaɗa suka tafasa har ruwan ya ƙone suka ɗura a kwalabe, su ne suka ratsa watan Yuni ba tare da sun je kasuwa da kuka ba.

Dabara ce da matan karkara suka daɗe da sani, kuma ba ta buƙatar wutar lantarki, wadda ita ce ke hana mutanen birni dogaro da firji.

Ga wanda kuma yake son ya yi amfani da buhunansa a cikin bazara da damina, akwai shuke-shuken da suka fi tumatir jure wannan yanayi, irin su kuɓewa da alayyafo da rama da yakuwa da zogale, kuma Sharon ba ta damu da su ba.

Tumatirin kuwa sai a jira ƙarshen damina. Wanda ya yafa iri a ƙarshen Satumba zai yi dashe bayan makonni uku zuwa huɗu, ya kuma fara tsinka cikin watanni biyu zuwa uku bayan dashen, kafin zafin watan Maris ya tayar da ƙwarin.